Kason Alhaji a kuɗin gidan babanmu

Babanmu ya gama aikin koyarwa ba shi da gidan kansa. Duk shekarun da ya yi yana shaƙar alli a lakwal, wato makarantar boko, haya muke yi a unguwar Zariya cikin Maradi, ɗaki biyu da tsakar gida mai faɗin tabarma. Da ya ajiye aiki sai ya sayar da garka, wato lambun da ya gada a Jiratawa, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, don ya sayi fili ya yi gini. Kuɗin sun isa fili amma ba su isa gini ba. Nan abokansa suka ba shi shawara ya kai wa wani Alhaji a Sabon Gari ya juya masa.

Alhajin nan ba da kuɗinsa yake kasuwa ba. Tsofaffin ma'aikata da matan da mazansu suka rasu, kowa kawo masa yake yi. Da kaka ya sayi aya da wake ya cika sito, in kaya sun yi tsada ya tura Najeriya. Sharaɗinsa ɗaya ne: in an ci riba, kashi ɗaya cikin uku nasa ne. Ba ya karɓar albashi, kuma yana so duniya ta san haka. "Ni sai kun ci nake ci," in ji shi. Baba ya dawo gida yana ta maimaita maganar nan, shi a ganinsa ya sami mutumin kirki.

Shekarar farko an ci. Alhaji ya cire kasonsa, Baba ya bar nasa a ciki, har ya fara zana mana ɗakuna a ƙasa da bakin sandarsa. Shekara ta biyu naira ta faɗi, ƙwari suka shiga waken, kuɗin Baba suka zube kusan rabi. Alhaji ya zo jaje har gida, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma. Ya ce asara ta mai dukiya ce, shi kuma wahalarsa ce ta tafi a banza. Ban ji daɗi ba, amma na haɗiye, tunda a kan haka aka shirya tun farko.

Shekara ta uku ce ta ƙona mini rai. Kasuwa ta gyaru, kuɗin suka ɗan tashi, amma ba su kai abin da Baba ya miƙa masa ranar farko ba. Sai ga Alhaji yana fara'a, wai an ci riba, har ya cire kashi ɗaya cikin uku. Riba! Mutum ya faɗa rijiya ya hauro rabi, ai ba a ce ya fito ba.

Na hau babur na same shi a bakin sitonsa yana shan shayi.

Na ce, "Alhaji, wace riba ce kuka raba? Uwar kuɗin ma ba ta dawo ba."

Ya ce, "Ɗan Malam, zamna mana. Kowace shekara da lissahinta. Na bara mun ruhe shi. Daga abin da ya saura muka tashi, kuma ya ƙaru. Mi za ka kira shi in ba riba ba?"

"To da aka faɗi bara, mi kuka maido cikin kason da kuka ɗauka tun hwarko?"

Sai ya yi dariya, ya miƙo mini kofin shayi. "Wa ka taɓa gani ya maido abin da ya ci?"

A nan na gane dalilin da ya sa bai ji tsoron jibge wake a sito ba, alhali kowa a Maradi ya san halin wake da ƙwari. In ya yi sa'a ya kwashi rabonsa, in bai yi ba ya yi barcinsa. Faɗuwar ma alheri ce a gare shi, don duk takun da kuɗin za su yi suna dawowa inda suke, sai ya sa hannu.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba yana zaune a ƙofar gida, ko sannu da zuwa bai ce mini ba.

"Ka tahi ka ci mutuncin mutumen da ke mana wahala kyauta?"

Kyauta! Na raɓa shi na shige gida. Shi kansa ya san lissafin, ai shi ya koya mini. Kunya ce kawai ba ta barinsa ya nemi kayansa.

Ana nan mai gidan da muke haya ya ce ɗansa zai yi aure, yana bukatar gidansa. Filaye kuwa sun yi tsadar da abin da ya rage ba zai sayi ko kusurwa ba. Ƙanen Baba a Tibiri ya share masa ɗaki ɗaya kusa da zaure.

Ranar tashi, Alhaji ya aiko da sabuwar motar kayansa, ya ce kada a karɓi ko dala. Ni na ɗora gadon Baba a kai, ni na sauke. Da muka gama, Baba ya riƙe hannun direba ya ce a gaya wa Alhaji ya gode, Allah ya saka da alheri.

A ɗakin aron nan yake har yau. Sauran kuɗin kuma suna wurin Alhaji, ana juyawa.