Kunnen Aro a Gidan Mai Ƙaho

Mai Ƙaho ake ce masa tun yana saurayi, don sana'arsa ke nan, ɗaura lasifika. Duk inda za a tara jama'a a yi musu magana, filin ƙwallo ne ko tashar mota ko harabar makaranta, shi ake kira. Ya hau tsani ya kafa ƙahonin nan na ƙarfe, ya sauko ya tsaya a gabansu yana "gwaji, gwaji" har muryarsa ta kai ƙarshen fili. Da gwiwa ta fara ƙin tsani sai ya sallama kayan haya ya dawo gida, ya ce yanzu kuma kansa zai yi wa aiki.

Aikin da ya yi wa kansa akwatunan sauti ne guda biyu a falo, kowanne ya kai ƙirjin mutum. Amininsa Kafinta ne ya haɗa su da katako mai kauri. A ƙasa akwai babbar sifika mai fitar da kaurin sauti, a sama kuma ƙaho na katako da Kafinta ya goge har yana sheƙi. Bayan kowane ƙaho an ɗaure abin da masu sana'ar ke kira yunit. Dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi, da maganaɗisu a ciki da wani tantani siriri kamar ɓawon albasa. Tantanin ke rawa ya matse iska ta wani ɗan maƙogwaro mai faɗin inci ɗaya, ƙaho kuma ya buɗe ta ya watsa cikin ɗaki. Duk wani siririn sauti, na sarewa ko na tsirkiya ko numfashin mawaƙiya, daga nan yake fitowa.

Kullum rana ta yi sanyi sai ya ɗora faifai. Matarsa tela ce, kekenta na ɗakin baya, amma aikin hannu, su kalmasa da ɗinkin maɓalli, a falo take yi, a kujerar da ke gindin taga. Ba sa yawan magana. Shi ya lumshe ido yana kaɗa yatsa, ita tana zare da allura, wani lokaci ta bi waƙar ƙasa-ƙasa. Yara duk sun yi gidajensu, kuma wannan zaman shi ne abin da Mai Ƙaho ya fi so a duk yininsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Ana nan sai wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona yunit na hagu. Ya kwance ya duba, siririyar wayar da ke naɗe jikin tantanin ta zama gawayi. Irinsa kuwa an daina yi tuni. Tunda ba a haɗa tsoho da sabo, ɗaya ya ja gabas ɗaya ya ja yamma, dole ya sauya duka biyun.

Ya je layin masu kayan sauti, wurin wani mai shago da suka yi zamani tare.

"A'a, yau kura ce a rumfata? Me ya mutu?"

"Yunit. Mai inci ɗaya nake so, na ɗaurin noti. Kada ka nuna mini manyan nan, falo ne ba fili ba."

Mai shago ya sauko da kwalaye ya buɗe iri biyu a kan kanta. "Wannan tantaninsa na ƙarfe ne, ga kaifi, ko allura ce ta faɗi a cikin faifai sai ka ji ta. Wannan kuma na leda ne, mai sanyin hali, ba ya cizo. Ƙarfinsu kusan ɗaya, duka za su hau ƙahonka ba tare da ka huda katako ba."

"Wanne ya fi?"

"Ni kake tambaya? Wa ya isa ya koya wa kifi iyo? Kwashi duka biyun ka gwada, wanda bai yi maka ba ka dawo mini da shi kafin mai kawo kaya ya zagayo. Amma kada ka ɓata mini kwali."

A gida ya fara ɗaura na leda. Ya saurara, ya karkata kai, ya taɓe baki.

"Wannan ai mai mura ne yake waƙa cikin bargo."

Ya kwance ya ɗaura na ƙarfe. Nan take fuskarsa ta washe, sarewar da ya daɗe yana ganin ta yi nisa ta matso kusa. Su irin wannan yunit sun fi babbar sifika ƙara nesa ba kusa ba, shi ya sa ake sa musu wani ɗan birki a kan waya, rizista, don su daidaita. Mai Ƙaho ya ga ai birkin ne ma ke danne daɗin, ya sa dalma ya rage shi.

Ranar farko matarsa ta zauna, amma ba ta bi waƙa ba. Kashegari ta ce hasken ɗakin baya ya fi. Bayan nan ta ce akwai kayan da ake jira. Har dai ya zamana faifai na juyawa, kujerar gindin taga ba kowa. Mai Ƙaho ya laluba cikin kansa ko ya yi wani laifi, bai samu ba. Sauti dai ga shi ya yi yadda yake so, amma sai ya tsinci kansa yana ɗage allurar faifai tun waƙa ba ta kai rabi ba.

Ya ce bari ya nemi shaida, ya aika aka kira Kafinta.

Kafinta mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin injin yanka katako. Ya shigo yana kakkaɓe garin katako daga gira, ya zauna, aka sa masa na leda a hagu, na ƙarfe a dama, ana kunna ɗaya a kashe ɗaya.

"Wanne ka ji?"

"Iye?"

"Na ce wanne ya fi!"

"To ka daina yi mini tsawa mana, ba kurma ba ne ni. Na daman nan shi ne sauti. Na hagun kuwa ko kunna shi ka yi?"

"Ka ji ko! Abin da na faɗa ke nan."

"Ƙara masa wuta kaɗan."

Mai Ƙaho ya ƙara. Tsofaffin biyu suka kishingiɗa suna gyaɗa kai, kowa na yabon kunnen ɗan'uwansa. Sai ga matar gidan ta shigo da tiren shayi, kafaɗarta ɗaya a ɗage ta toshe kunne da ita. Ta dire tiren za ta juya.

"Tsaya mana," in ji mijin. "Ga Kafinta ma ya shaida. Zauna ki ji abin da kike ta gudu."

"Malam, kashe tukuna."

Ya ɗage allurar.

"Shaidar wa? Makaho ya ja makaho, sai rami. Kai ka tsufa a bakin ƙaho, shi ya tsufa a bakin zarto, yanzu ku ne alƙalan sauti?"

Kafinta ya sa hannu bayan kunne. "Me ta ce a kan zarto?"

"Cewa ta yi kai gwani ne," in ji Mai Ƙaho. Ya juya gare ta. "Me ke damun sautin?"

"Tun ranar da ka ɗaura abin nan ji nake kamar ana kankare tukunya da cokali a cikin kaina. Mawaƙiya ta ce 'sannu', sai in ji an soka mini allura. Ko yanzu da ka kashe bai yi shiru ba."

"Yanzu? Ai ba abin da ke tashi."

"Yana huci. Sssss, kamar an huda taya."

Mai Ƙaho ya san wannan hucin. Na amfilifaya ne, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, kuma yunit mai ƙarfi da aka rage wa birki ba ya ɓoye shi. Ya sha gyara wa mutane irinsa. Ya tashi ya je ya kara kunne a bakin ƙaho, ya juya ya kara ɗayan. Bai ji komai ba. Ya daɗe a sunkuye a wurin, hannunsa a kan katakon.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ga kana murna. Rabon da in ga kana kaɗa ƙafa haka an jima. Na ce ni in koma ciki, ba sai an raba ka da abinka ba."

Kafinta dai ya lura fuskoki sun sauya, ya ɗauki shayinsa ya kurɓa.

Mai Ƙaho ya miƙe ya goge hannu a riga. "To, a fili ma ban taɓa yarda da kunnena ni kaɗai ba. Mutum nake turawa can ƙarshe, in ya ji daidai ya ɗaga hannu. Zo ki zauna a kujerarki. Yau ke ce ƙarshen fili."

"Ni me na sani a kan wayoyinku?"

"Ba wayoyi za ki duba ba. Ki juya baya, kada ki ga wanda na kunna. In ya cije ki ki ce ya ciza."

Ta zauna tana dariya, ta ba akwatunan baya. Ya mayar da birkin da ya rage, ya sa Kafinta riƙe waya, ya ɗora faifan da ta fi so. Ya kunna na ƙarfe.

"Ya ragu. Amma har yanzu da ɗan haƙori."

Ya ƙara birki.

"Yanzu kuma ya shaƙe, ga haƙorin bai tafi ba."

Ya sauya zuwa na leda bai gaya mata ba. Ta saurara. Can sai ya ga kanta ya fara lilo, leɓenta na motsi.

"Wannan fa?"

"Wannan mutum ce take waƙa. Har ina jin inda take jan numfashi."

"Ba ya cikin bargo?"

"Wane bargo? Ga sarewa can tana bin ta a baya, siririya."

Ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Muryar yana jin ta, gangar ma haka, sarewar kuwa sai dai ya tuna inda take. Suka ci gaba, yana ƙara birki yana ragewa, tana cewa "ya yi yawa", "koma baya kaɗan", har ta ɗaga hannu sama kamar ɗalibar aji.

"Nan. Kada ka ƙara taɓawa."

Kafinta ya leƙo daga bayan akwati, waya a hannu. "Wai har yanzu ba a kunna ba ne?"

Washegari Mai Ƙaho ya mayar da na ƙarfe cikin kwalinsu ya kai shago. Mai shago ya buɗe ya duba, ya dube shi.

"Kai da kanka ka zaɓi na leda? Na rantse na ɗauka mai cizon za ka riƙe."

"Shi na so."

"To me ya faru?"

"An fi ni kunne a gida."

Mai shago ya yi dariya har da buga kanta. "Ashe ka shigo layinmu. Ni ma 'yata ce ke gaya mini in wayata na ƙara a aljihu."

Da ya dawo ya ɗaura na ledan duka biyu, ya ɗaure notin da kyau, ya lulluɓe haɗin wayar. Sannan ya tsaya tsakiyar falo yana nazari. Ƙaho ba kamar sauran sifika ba ne, siririn sautinsa miƙewa yake yi sak daga baki, wanda ke saitinsa ya fi kowa samu. Sai ya jawo kujerarsa daga jikin bango ya kawo ta gaba, ya ɗan karkato bakin ƙahonin su dube shi, ya zauna ya tashi, ya sa mata matashi don kunnensa ya yi daidai da maƙogwaron. Ya samu ƙari kaɗan. Ba kamar na ƙarfe ba, amma ya samu.

Da yamma matarsa ta fito da kwandon ɗinkinta, ta tsaya tana kallon sabon tsarin.

"Yanzu a tsakiyar ɗaki za ka zauna kamar mai jiran aski? In baƙi sun zo fa?"

"Su zagaye ni."

Ta wuce gindin taga ta zauna, ta zare allura daga bakin mayafi. Ya ɗora faifai ya koma mazauninsa. Da waƙar ta kai wani wuri sai ya buɗe ido ɗaya.

"Ta shigo?"

"Wa?"

"Sarewar."

"Tukuna. Sai bayan amshi." Ta ciji zare ta tsinke. "Yawwa, ga ta nan."

Ya gyaɗa kai ya mayar da idon ya rufe, yatsansa na bin ta a hannun kujera.

"Ka yi sauri," in ji ta. "Bi a hankali, ba ta kai nan ba."

Ya rage sauri. Ta ɗauko wani maɓallin ta ci gaba da ɗinki, tana bin waƙar ƙasa-ƙasa, in ya kauce ta gyara masa.