Igiyar Tayar da Moto

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai". Ban damu ba, tunda makullin shagonmu na kafinta a Makarfi yana aljihuna, kuma kowa ya san mai makulli shi ne magajin shago.

Zamanin soja, da aka shiga tsuke bakin aljihu, wani kamfanin katako ya rufe, Baba ya sayo injin goge katako a gwanjo. Da aka sauke shi muka gane wuta mai layi uku yake ci, mu kuwa layi ɗaya gare mu. Ya zauna a lungu, kaji suna kwana a kai.

Ƙanina ne ya samo wani tsohon moto na injin niƙa a Gazara, ya ɗaure shi a kan kututture, ya yi ta haɗa wayoyi. Wai in moton yana juyawa haka kawai, ba ya jan komai, shi zai haifar da layin da babu. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ya naɗa igiya a bakin moton, ya fizga, ya kunna wuta, sai ga injin Baba yana gurnani.

Daga ranar sunan yaron nan bai bar bakin Baba ba. Manoma daga Dandamisa su kawo katakon ƙofa, sai an kai su sun ga moto tukuna. Ni in buɗe shago da sassafe, in share, in zauna jiran mai igiya. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Wata safiya ƙanina ya makara, ga mutane suna jira. Na ce igiya ce dai, ba karatu ba. Ni kuwa bahago ne, na naɗa ta yadda hannuna ya saba, na fizga. Moto ya tashi lafiya lau, ashe da baya yake juyawa, injin ma ya bi shi. Na tura katako, ya ƙi shiga, sai ƙauri da hayaƙi. Baba ya kashe wuta, ya zare igiyar daga hannuna a gaban mutane. Har yau ina cewa da an nuna mini ko sau ɗaya, da ba a yi haka ba.

Bayan kwana biyu ƙanina ya dawo daga Zariya da maɓalli da wata 'yar na'urar lantarki da ake kira kwandansa, ya haɗa, yadda moton zai tashi da kansa ta hanyar da ta dace.

"Yaya, yanzu dannawa kawai za ka yi," ya ce.

Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Baba ya daɗe yana sa masa albarka, wai ya rufa wa yayansa asiri. Sannan ya juyo, idonsa a kan aljihuna.

"Kai, ba shi makullin, ya riƙa zuwa da wuri yana duba wayoyin."