Gidan Mai Faci a Kan Iyaka

Maƙwabcina Mai Faci ne mutum na farko da na ga an kama da laifin shiga wata ƙasa da buta a hannu. Da hantsi ne cikinsa ya murɗa, ya nufi bayan gida har yana tuntuɓe, sai soja ya tare shi a tsakar gidansa, wai ina takardar tsallaka iyaka. Ashe jan fentin da aka shata ta cikin gidan ya bar ɗakinsa a ƙasarmu, masai kuwa ya faɗa ƙasar maƙwabta. Ina leƙe ta katanga. Abin da ya sami wandon ba zan faɗa ba, amma ya yini a kan igiya.

Tun ranar nake gaishe shi, "Baba, an dawo lafiya daga ƙasar waje? Ina tsarabata?"

"Tana can inda na baro ta, ɗan nema. Je ka ɗauka."

A gidan aka haife shi. Ubansa ya haƙa rijiyar, marigayiya matarsa ta dasa lemon tsamin. Shekara arba'in yana faci a ƙofar gida, da bahon ruwa da wani kututturen siminti da yake dukan taya a kai. Ba wanda ya san simintin nan alamar iyaka ce, sai da Turawa suka zo da na'ura suka ce akwai mai a ƙarƙashinmu. Nan take ƙasashen biyu, da ko kwalta ba su taɓa zuba mana ba, suka tuna da mu. Kowace ta zo da Baturenta da taswirarta.

Abin da ya dagula musu lissafi, sau uku tsohon nan yana tone simintin yana mayar da shi inda inuwa take. Suka ce ya nuna inda ya fara samunsa. Ya ce ya manta.

Yanzu gidan ne kamfanin haƙar mai yake so, nan za a kafa injin. Unguwa ta watse, ni ma na ɗaure kayana, ba na ɓoyewa. 'Ya'yansa sun yi magiya har sun gaji.

Shekaranjiya manyan jami'an ƙasashen biyu suka zo, Turawa na bayansu cikin mota mai sanyi. Namu ya ce, "Baba, faɗi ɗaya, kai na wace ƙasa ne, mu san wanda zai tashe ka." Ya faɗa yana waiwayen motar.

Mai Faci bai ɗago daga tayar da yake gogewa ba.

"Ɗana, kai da sai wancan ya gyaɗa kai kake buɗe baki, je ka tambaye shi kai na wace ƙasa ne. Ni dai na gidan nan ne. Matsa, ka taka min tiyo."