Watannin da Ban Karɓi Jibi Ba

A ɗakin wanki na otal ɗin da nake aiki a ƙasar Larabawa labarin ya same ni, a 2012. Mama ce a waya, muryarta a dishe, ta ce yayata ta rasu wajen haihuwa. Na ce, "To." Na kashe waya na ci gaba da ninke tawul, tunda an riga an jibge mini su a gaba. A garinmu in aka yi rasuwa mata zubewa suke a ƙasa, sai an riƙe su. Ni da na tashi aiki na hau bas zuwa International City, unguwar da nake zaune, na dafa taliya na ci. Na jira kuka, bai zo ba. Lokacin hutuna bai yi ba, aka binne ta ban je ba.

Ranar Juma'a muke zuwa Mas, ibadarmu ta coci, don ita ce ranar hutu. Ban daina zuwa ba. Amma in aka tashi layin karɓar jibin Ubangiji sai in janye ƙafa mutane su wuce. A ganina, wadda ta kasa yi wa yayarta hawaye, kuma ko an ambaci Allah ba ta jin komai, ƙarya za ta yi in ta miƙa hannu. Haka na yi watanni.

Wani dattijo ɗan wajenmu ne ya lura. Kawu muke ce masa. Gyaran injin sanyi na kwantena yake a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, amma ya taɓa karatun zama Fada, limamin coci, ya bari. Bayan Mas ya tarar da ni a wurin jiran bas.

"'Yata, ƙafa ce ke ciwo, ko gaba kike da Fada?"

"Kawu, ka bar ni, rana ake yi."

Bai bar ni ba. Ya ɗauko labarin wani malamin coci ɗan Italiya, na shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ƙato mai shiru, har abokan karatunsa suna kiransa bijimi. Wai danginsa masu sarauta sun kulle shi a gida don kada ya shiga cikin masu wa'azi da bara, bai fasa ba. Na ce ya taƙaita. Ya ce abin da yake so in ji shi ne yadda mutumin ke aiki: ba ya amsa tambaya sai ya fara jera hujjojin masu ja da shi, da ƙarfinsu, har ya fi su iya faɗa.

"Yalla, maza kawo taki hujjar."

Na faɗa masa a gurguje. Ya girgiza kai.

"Ba ta da ƙarfi, bari in taya ki. Da kina da bangaskiya, ai da ko fushi kin yi da Allah. Mai fushi ya yarda akwai wanda yake yi wa. Ke ko fushin babu. Sabo ne kawai ke kawo ki, kamar zuwa aiki."

Abin da nake ɓoyewa ke nan, ya faɗe shi a gefen titi yana share gumi. Motar kamfaninsu ta iso.

"Amsar fa?"

"Juma'a."

"Kawu, wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Shwaiya shwaiya, sannu a hankali. Malamin ma sai ya gama jerawa yake amsawa."

Na yi mako ina ninke tawul da hujjar a kaina. Ba ta dame ni yadda ya kamata ba, shi ma na lura da wannan.

Juma'a ya tare ni a ƙofa kafin a shiga. Ya ce a wurin malamin, bangaskiya aikin hankali ne da niyya. Abin da ƙirji ke ji kuwa rabinsa na jiki ne, yana zuwa yana tafiya, ba kullum yake hannun mutum ba.

"Wa ya tashe ki yau?"

"Ni."

"Da daɗi kika taso?"

"Ba daɗi."

"Khalas, magana ta ƙare. Niyyar ke nan. Jibi kuma abinci ne, ƙarfinsa daga mai bayarwa yake. Mai zazzaɓi bakinsa ba ɗanɗano, amma in ya ci ya ci."

"To me ya sa Allah ya ɗauke ta?"

Ya ce malamin ya yi rubutu a kan wannan ma, amma ba zai karanto mini a bakin ƙofa ba, don shi kansa rubutun bai ishe shi ba lokacin da ya binne nasa mamacin. Ya ce a ƙarshen rayuwar mutumin, wata rana ya fito daga Mas ya ajiye alƙalami, babban littafinsa bai ƙare ba, bai sake komawa kansa ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shiga, za a cika."

An cika ɗin. Da aka tashi layi na tashi. Wata 'yar Filifin ce a gabana, tana tafiya a hankali har na so in ture ta. Na miƙa hannu aka ɗora mini ɗan burodin jibin, na ce amin, na sa a baki. Ya manne mini a ganɗa, na sa harshe na ɓamɓare shi. Da na koma wani ya zauna a wurina, sai na tsaya jikin bango har aka sallame mu.