Rigar Roba Mai Yalwa

Idan ka taɓa shiga kantin da ake sayar da sababbin tayoyi, to ka san warin da nake nufi. Wari ne mai nauyi, mai zama a maƙogwaro. Ranar nan na wuce wani gareji a unguwar Parkchester da ke Bronx, ya buge ni, sai na ga kaina ina ƙaramar yarinya, riƙe da gefen mayafin Kaka, a cikin kantin kayan nutso.

A lokacin Baba tasi yake tuƙawa, bayansa kuma ya fara ciwo. Wani abokinsa mutumin Kumasi, wanda muke kira Kawu, ya ce akwai aikin kankare gindin jiragen ruwan masu hali a wata tasha da ke can ƙarshen Bronx, sai dai a ƙarƙashin ruwa ake yi. Baba ya yi dariya. Shi ɗan masunta ne daga Yauri, a kogi ya yi wayo. Duk hunturun nan ya riƙa zuwa wani kududdufin koyo mai ruwan ɗumi, har aka ba shi takardar shaida. Saura kaya.

Wata Asabar muka tafi saye, ni da shi da Kaka, mahaifiyarsa, wadda ta zo mana a shekarar. Kantin dogo ne, ba taga. Rigunan roba baƙaƙe na rataye a jere, hannuwa a sake, kamar mutanen da aka cire wa kai. Ni ba mai magana ba ce, kallo ne nawa. Na kalli tukwanen iska, da tiyo, da dunƙulen dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don kada ruwa ya turo mutum sama. Na daɗe ina mamakin a ce mutum ya sayi abin da zai nutsar da shi.

Mai kantin wata Baturiya ce mai furfura, fatarta duk rana ta ƙona. Gilashin fuska bai ba da wahala ba. Ta ɗora masa, ta ce ya ja numfashi ta hanci, ya manne. A kan riga aka tsaya. Ta auna shi, ta miƙa masa wata, ya shiga bayan labule. Mun daɗe muna jin nishinsa. Da ya fito, rigar ta kama shi ko'ina, babu abin da ta rufa. Ban taɓa ganin Baba ba sai cikin kaftani. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Kaka ta ja mayafi ta kare bakinta.

"Kai kuwa, haka za ka tsaya gaban 'yarka kamar tarwaɗa? Da can a kogi yaro ne kai. Yanzu sahun gaba kake tsayawa a masallaci."

Baba ya nemi babba. Matar ta girgiza kai, ta yi bayani a hankali, kuma na ji duk abin da ta ce. Rigar tana barin ruwa kaɗan ya shiga, jiki ya ɗumama shi, shi ne bargon mutum. In ta yi yalwa, ruwan sanyi zai yi ta shiga yana fita, yana kwashe ɗumin jiki. Baba ya fassara wa Kaka duka, bai rage ba.

"Ruwa ai ruwa ne," in ji Kaka. "Ubanka ya wuni a ciki, sanyi bai kashe shi ba."

Baba ya yarda, domin shi ma ruwan da ya sani ke nan. Muka fito da mai yalwar. Matar ta biyo mu har bakin ƙofa tana cewa in ya canza shawara ya dawo. Ba ta yi murmushi ba.

Ranar aikinsa na farko bishiyoyi sun fara toho, rana ta fito sarai. Ƙanƙara ta daɗe da narkewa, amma ruwan bai san hunturu ya wuce ba. Kaka ta dage sai ta ga kogin ƙasar nan da idonta, don haka muka bi su, shi da Kawu. Ruwan kore ne mai duhu, ba ka ganin ko tsawon hannu a cikinsa. Kaka ta durƙusa a bakin katakon tashar, ta tsoma yatsu, ta janye da sauri. Ta kalli Baba, wanda ya riga ya goya tukunya. Na ga bakinta ya motsa.

Ya yi bisimilla ya shiga. Kawu ya riƙe igiyar da aka ɗaura masa, waya a ɗaya kunnen, yana zuba Turanci da Twi, harshen garinsu.

Abin da ya rage mana na Baba shi ne kumfa. Da farko tana tasowa a natse, tana bin gefen jirgin da yake kankarewa daga goshi zuwa baya. Na riƙa binta da ido. Can sai ta fara fitowa da sauri-sauri. Daga nan ta bar jikin jirgin, ta nufi fili, inda babu abin kankarewa. Sai ta tsaya wuri guda.

"Ja shi," in ji Kaka.

"Hajiya, iskarsa da saura sosai," in ji Kawu.

Sai ta kama igiyar da kanta. Kawu ya saki wayar ya taya ta. Da kan Baba ya fito, idanunsa a buɗe suke cikin gilashin, amma ba mu yake kallo ba. Leɓunansa sun koma kamar toka. Yatsunsa sun kasa kama katako. Da aka kwantar da shi, ruwa ya yi ta kwarara daga wuyan rigar da ƙafafunta.

Baba ɗan fari ne, kuma a al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ranar na ji Kaka ta kira shi da sunansa, tana jijjiga kafaɗarsa, har motar asibiti ta iso.

Ya kwana a can. Da ya ji sauƙi ya ce zai koma aikin, Inna, mahaifiyata, ta yi kuka, Kaka kuwa ta ɗauki mayafinta ta ce in raka su kanti. Ita ta zaɓa. Ta sa shi ya juya, ta bi hammata da ƙugu da bayan gwiwa tana mintsinin robar, inda duk ta sami abin kamawa ta ce a kawo wadda ta fi ƙanƙanta. A gida ta ɗinka masa jallabiya mai faɗi, ya riƙa ɗorawa a kai har bakin ruwa.

Yanzu Kaka ta rasu, Baba ya bar nutso, ƙannena suna zuwa iyo cikin irin wannan riga ba wanda ya ɗaga kai. Sukan yi dariya idan an ba su labarin. Ni ba na iya taya su. A dukan shekarun da Baba ya yi yana aikin, Kaka ba ta ƙara zuwa tashar ba, kuma ba ta taɓa cin abinci ba sai ta ji mabuɗinsa a ƙofa.