Tarin da Ke Cikin Gogen Danda

Shekara talatin da ɗaya ke nan katanga ɗaya ta raba ni da Danda mai goge a Tasawa, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa, kunnuwana ne shaida, kuma sun sha wuya.

Danda ba ya taɓa kiɗan zamani. Shi dai na kakanni, da irin kayansu: ƙoƙo, fatar guza, izgar doki. Da makaɗa suka koma wa zaren roba, sai ya daina gaisawa da su. To, dawaki sun yi wuya, moto, wato babur, ya cika gari, moto kuwa ba shi da wutsiya. Ranar kasuwa sai ka gan shi yana zagaye dokin mutane ta baya, almakashi a aljihu. Sau biyu ana kawo shi gida a amalanke da shatin kofato a ƙirji.

Abin tinƙahonsa shi ne kiɗan mahaƙa rijiya, wanda ake yi idan an tarar da ruwa. Kiɗan ya kusa ɓacewa, wata tsohuwa ce kaɗai a Kanan-Bakashe ta riƙe shi a ka, Zara'u, ɗiyar wani makaɗi. Danda ya yi wata guda a ƙofar ɗakinta, tana rerawa da baki, yana bi da goge, bai ƙara ba, bai rage ba. A tsakiyar kiɗan akwai inda komai yake tsayawa cak, sai ya karce tsirkiya sau uku, ƙararta kamar ana jan tukunya a kan siminti. Wurin nan na fi tsana a duniya, da ya iso shi sai in buga masa katanga.

"Nan na diga ka bugun dutse," in ji shi. "Wanda bai iya wanga wuri ba, shi aje goge shi kama noma."

Sunansa duk a kan wannan ya tsaya: mutumin da bai taɓa canza wa magabata ko ɗigo ba. Da ya ji Dalhatu, wani makaɗin Mayahi, yana tsallake kartar, takanas ya shiga mota ya je ya zage shi a gaban matarsa.

Bara aka yi suna a unguwarmu. Cikin baƙi akwai Hajiya Asiya, ƙanwar Zara'u, wadda ta daɗe da aure a Agadas. Zara'u kam shekararta goma sha tara da rasuwa. Danda ya gyara zama, ya shafa ƙaro a izga, ya ɗauko kiɗan. Da ya iso wurin kartar, Hajiya ta fashe da dariya har goro ya faɗo daga bakinta.

"Malam Danda, mi ne ne wanga?"

"Diga ta, Hajiya, ta iske dutse."

"Wace diga? Wallahi babanmu bai taɓa kaɗa haka ba. Tarin Yaya na! Garin taba ta ke sha, kullum ta kawo nan sai numfashi shi ƙare mata."

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Ni ma na yi dariya, ta shekara da shekaru da na tara. Amma da na dubi Danda, sai tausayi ya kama ni. Ya sunkuyar da kai, goge a cinya. Can ya ce da ƙaramar murya, "To, Hajiya, bari in hidda shi."

Ya sake ɗauko kiɗan, ya wuce wurin sumul, daɗi kamar me. Sai Hajiya ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Dariyar ta tafi, tana share ido da gefen mayafi.

"A'a, maida shi yadda shike," ta ce. "Shekara goma sha tara ban ji Yaya ba sai yau."

Ya maida. Har gobe yana kartar nan sau uku, ni kuma na daina buga masa katanga.