Ɗinyar bayan gidanmu a Kurudu

Shekarar da na yi ɓari ban cika fita ba. Ina zama bakin taga a ɗakinmu na haya a Kurudu, ina kallon wata tsohuwar bishiyar ɗinya da ke bayan gida. Ba don tana ba ni sha'awa ba, ita ce dai a gabana.

Mai cin moriyarta maƙwabciyata ce, wata dattijuwa Kirista daga Filato, kowa Mama yake ce mata. Ba ta da kowa a Abuja sai wannan bishiya. In ta yi toho ta sayar da ɗinkin, in ta nuna ta kasa 'ya'yan a bakin titi. Da haka take ci.

Sai wani mai shago a Gwarinpa ya fara sayen ɓawon ɗinya. Wai masu bincike sun gano yana da sinadarin da ke hana jiki saurin lalacewa, shi kuma yana niƙawa ya ƙulla a 'yan ledoji masu kyalli, manya na sha kamar shayi. Abin da muke tsotsa muna tofar da ƙwallo tun muna yara, yau ya zama na masu mota.

Masu maganin gargajiya in za su ɗebi ɓawo, gefe guda suke sassaƙa, su shafe wurin da laka. Amma wasu samari da suka zo wata Lahadi, Mama tana coci, buhu suke son cikawa su kai wa mai shagon. Suka zagaye gindin kaf da sassaƙa. Ina kallonsu ta taga, har da ƙarar adda nake ji, amma a lokacin ko gidan ne ya kama wuta ban ce zan tashi ba.

Da ta dawo ta daɗe tsaye da baibul a hammata. Sannan ta kwaɓa laka da kashin shanu ta hau shafawa.

“Zai warke, my daughter,” ta ce min. “Bishiya ne, ba mutum ba.”

Ni 'yar manomi ce. Na san bishiyar da aka zagaye ba ta warkewa, kuma sau da yawa kafin ta tafi takan zuba 'ya'ya fiye da kima.

Haka kuwa aka yi. Ƙarshen damina rassan har rinjaya suke, ƙasa ta yi baƙi da ɗinya. Mama ta ƙwanƙwasa min ƙofa tana haki.

“Fito ka gani! Ban faɗa maka ba? Allah ya amsa. Badi zan sayi babban faranti.”

Na ɗauko roba na bi ta. Muka duƙa muna tsince, tana waƙar coci ƙasa-ƙasa. Sama da kanmu lakar ta tsage, itacen ciki ya bushe fari fat. Ta cusa min guda a baki ta ce in faɗi gaskiya, na taɓa shan mai zaƙin ta bana?

Na ce ban taɓa ba.